Baƙin Dutsen Tournai a Winchester da East Meon

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Waterloo ta birnin Landan yana kai mutum Winchester cikin kimanin sa'a guda. Na shige shi da hantsi a farkon kaka, lokacin da ganyen itatuwan kudancin Ingila ya soma rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa, kuma abin da ya ɗaga ni abu ɗaya ne tak: wata kwatarniyar dutse da aka sassaƙa a ƙarni na 12, wadda ake yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, a cikinta a babbar majami'ar garin. Wani abokina da ya karanci tarihin gine-gine ne ya nuna mini hotonta, ya ce idan ina son in ga yadda masassaƙin da bai da fili sai faɗin kamu kaɗan yake cusa dogon labari a jikin dutse, to in je in tsuguna a gabanta. Ni Musulmi ne, kuma ba ibada ta kai ni ba. Na je ne domin aikin hannu yana da girma a idona ko na wane ne, kuma ina son in fahimci abin da mutanen da suka yi shi suke nufi da shi.

Daga tashar jirgi mutum yana gangarowa ne ta babban titin kasuwar garin, kuma idan ya miƙe har ƙarshensa zai tarar da mutum-mutumin Sarki Alfred da aka kafa a 1901, domin Winchester ce cibiyar tsohuwar masarautar Wessex da ya mulka. Majami'ar tana daga hannun dama, a tsakiyar wani fili mai ciyawa. Daga waje ba ta da wani kwarjini, hasumiyarta gajera ce, ginin kuma ya kwanta a ƙasa ya miƙe. Sai an shiga ake gane girmanta, domin tsawonta ya kai kusan mita 170, kuma babu wata majami'ar zamanin da a Turai da ta fi ta tsawo. Bishop Walkelin ne ya fara ginin a 1079, aka buɗe shi a 1093, sannan a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Bishop William na Wykeham, aka sake wa babban zauren fasali, aka lulluɓe tsofaffin ginshiƙai da sabon dutse, aka ɗaga bakunan sama. An gina ta a kan ƙasa mai damshi kusa da kogin Itchen, har ta kai a tsakanin 1906 da 1911 sai da wani mai nutso, William Walker, ya yi ta shiga ruwa cikin duhu a ƙarƙashin harsashin ginin yana jera buhunan kankare kafin aka tsare ta daga ruftawa.

Kwatarniyar tana gefen arewa na babban zauren, a tsakanin ginshiƙai biyu. Komai na kewaye da ita fari ne ko ruwan toka mai haske, ita kaɗai ce baƙa, don haka ido yana faɗawa kanta tun daga nesa. Samanta dunƙulen dutse ne guda mai kusurwa huɗu, an fafe tsakiyarsa an yi rami zagayayye na zuba ruwa. Yana zaune a kan wani kakkauran gindi a tsakiya, da ƙananan ginshiƙai huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, wasu an yi musu murɗaɗɗen zane. Ba ta da tsayi sosai, kuma dalilin haka a fili yake, domin limamin coci zai sunkuya ne da jariri a hannu. A wancan zamani akan tsoma jaririn cikin ruwan, shi ya sa ramin yake da faɗi da zurfi. Ruwan ma ba kullum ake sabunta shi ba. Akan yi masa addu'a a jajibirin bukukuwan Kirista na Ista da Fentikos a bar shi a ciki, kuma saboda mutane suna ɗiba su kai wa masu tsubbu, a 1236 Babban Bishop na Canterbury ya ba da umarnin a riƙa rufe irin waɗannan kwatarniyoyi da murfi a sa musu kwaɗo. Wata dattijuwa daga cikin masu aikin sa kai da ke yi wa baƙi jagora ta shaida mini cewa har yau ana kawo yara a yi musu baftisma a nan, wato dutsen yana kan aikin da aka sassaƙa shi dominsa fiye da shekara 800.

Dutsen ba na Ingila ba ne. An haƙo shi a bakin kogin Scheldt, kusa da garin Tournai da ke ƙasar Beljiyam ta yau. Ana kiransa mabul, amma jinsin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi farar ƙasa, sai dai shi launinsa shuɗi ne mai duhu, kuma idan aka goge shi aka shafa masa mai ko kakin zuma sai ya koma baƙi ƙirin yana sheƙi. Ya daɗe ƙwarai, domin ya taru ne a ƙarƙashin wani teku kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, har masana ilimin duwatsu suka raɗa wa wancan zamanin sunan garin na Tournai. Yana da tauri, kuma yana tsagewa bisa shimfiɗarsa, don haka masassaƙi ba ya iya shiga da ƙarfensa da zurfi ya fito da hannu ko ƙafa a sarari. Wannan hali na dutsen ne ya tsara salon aikin gaba ɗaya. An rage bayan hoton kaɗan ne kawai, mutanen suka ɗan taso, sannan aka bi su da siraran layuka aka fitar da gashi da gemu da ninkin riga. Wanda ya tsaya tsaye a gabanta zai ga baƙi ne kawai da ɗan inuwa. Sai da na tsuguna na karkata, hasken taga ya bi jikin dutsen ta gefe, sannan fuskokin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Masana sun fi karkata ga cewa a Tournai ɗin aka sassaƙa irin waɗannan kwatarniyoyi aka gama, sannan aka loda su a jiragen ruwa suka bi kogin suka wuce Ghent, suka fita teku. Bakwai ne suka rage a Ingila, huɗu daga ciki a lardin Hampshire: ta Winchester, ta East Meon, ta St Mary Bourne da ta Southampton. Sauran suna Lincoln da Thornton Curtis da Ipswich. Taruwar huɗu a ƙasar bishop guda ce ta sa ake danganta su da Henry na Blois, wanda ya riƙe kujerar Winchester daga 1129 zuwa 1171. Jikan William ne, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ƙanin Sarki Stephen na Ingila ne. A gidan ibadar Cluny na Faransa ya tashi, ya tara dukiya mai yawa, kuma an san shi da son kyawawan kaya, har an rubuta cewa da ya je Rum ya sayi tsofaffin mutum-mutumi na zamanin maguzawan birnin ya aiko da su gida. Mutum irin wannan ba zai ji nauyin kuɗin jigilar dunƙulen dutse daga ƙetaren teku ba. Ana sanya aikin ta Winchester tsakanin wajejen 1150 da 1180.

Fuska biyu daga cikin huɗun suna ɗauke da labaran Waliyyi Nikolas, wanda ya yi bishop a garin Myra a ƙarni na 4, inda garin Demre yake yanzu a gaɓar tekun kudancin Turkiyya. A 1087 wasu matuƙan jirgi suka kwashe ƙasusuwansa suka kai Bari ta ƙasar Italiya, kuma daga nan sunansa ya bazu a yammacin Turai kamar wutar daji. Saboda haka lokacin da ake sassaƙa wannan dutse labaransa suna bakin kowa. Shi ne dai mutumin da, bayan ƙarnuka, ya rikiɗe a al'adar Turawa ya zama tsohon nan mai jar riga da ake cewa yana raba wa yara kyauta a lokacin Kirsimeti.

Na fara da fuskar kudu, kuma ita ce ta fi riƙe ni. A gefen dama an sassaƙa wani gini mai hawa-hawa da jerin ƙananan bakuna, da rufi mai zanen ɓawo-ɓawo, da ƙyaure wanda har ƙarafunan da suka riƙe shi an fitar da lanƙwasarsu. Wannan ita ce majami'ar Myra kamar yadda masassaƙin Tournai ya ƙiyasta ta, wato ya zana irin ginin da yake gani a garinsu. A gaban ginin Nikolas yana tsaye da hular bishop da kwagiri. Wani mutum ya durƙusa a gabansa yana karɓar jakar kuɗi da hannu ɗaya, yana miƙawa baya da ɗayan. Bayansa 'yan mata ne a jere, hannu cikin hannu, sai a can ƙarshen hagu wani namiji da shaho a dantsensa, alamar ɗan babban gida, wanda ake ɗauka ɗaya ne daga cikin masu neman aure. Kawunansu manya ne, idanunsu a buɗe tar, jikinsu gajeru, kuma duk an matsa su sun cika faɗin dutsen daga sama har ƙasa ba a bar wani fili ba.

Labarin shi ne, wani mutumin kirki ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi da dukiyar da al'adar wurin ta ɗora wa uba ya haɗa 'yarsa da ita, har ya yanke shawarar ya sake su su shiga karuwanci domin a samu abin sawa a baki. Da Nikolas ya ji, sai ya riƙa zuwa cikin dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga, sau uku, kowane ƙulli ya aurar da yarinya guda. Duk wanda ya taɓa ganin uba a garuruwanmu yana rasa barci saboda kayan ɗaki da gara, yana sayar da gona ko yana cin bashi don kada a ce 'yarsa ta shiga gidan miji hannu sake, ba ya bukatar a yi masa bayanin halin da mutumin nan mai durƙuso yake ciki.

Abin da ya ja hankalina shi ne masassaƙin ya sauya labarin. A yadda ake ba da shi, Nikolas matashi ne a lokacin, bai zama bishop ba, kuma a ɓoye ya yi kyautar, har ya roƙi uban kada ya faɗa wa kowa. A jikin dutsen babu dare, babu taga, bishop ne cikin cikakkiyar shigarsa yana bayarwa a bainar jama'a. An rasa sirrin, wanda shi ne mafi kyawun abin da ke cikin labarin. Amma na fahimci uzurin masassaƙin. Mutanen da za su tsaya a nan galibinsu ba su iya karatu ba, babu rubutu ko ɗaya a jikin dutsen, kuma da hula da kwagiri kaɗai za su gane wanda ake nufi. Abin da ya sa a madadin sirrin shi ne hannaye. Ido yana bin jakar daga hannun bishop zuwa na uba, daga na uba zuwa na 'ya, daga wannan zuwa waccan, har ya dire a kan saurayin mai shaho, kuma da wannan sarƙa ta hannaye kaɗai an faɗi duk abin da ya faru tun daga talauci har ranar aure.

Fuskar yamma ta fi cunkoso, kuma sai da dattijuwar nan ta nuna mini inda wani labari ya ƙare wani ya soma. A tsakiya wani mutum ya ɗaga gatari, mace tana bayansa, a gabansa kuma kawunan yara uku a jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar suna kwance a gado ana kallonsu daga sama. Yaran ɗalibai ne matafiya da dare ya yi musu suka sauka a wani masauki, mai masaukin da matarsa suka kashe su saboda ɗan guzurinsu. Daga baya aka ƙara wa labarin cewa mahauci ne, kuma ya yanyanka su ya zuba a garwar gishiri. Kusa da wurin sai ga Nikolas ya sake bayyana, yaran suna tashi. A ƙarni na 12 har wasan kwaikwayo akan yi da wannan labari a makarantun gidajen ibada, musamman a ranar 6 ga Disamba da ake tunawa da shi. Fuskar mai gatarin ba ta da wani alamun mugunta, irin ta sauran ce, kuma wannan ya ƙara mini tsoron abin.

A gefe kuma ga jirgin ruwa, da doguwar sanda guda a tsaye a tsakiya, gabansa da bayansa sun ɗaga sama an yi musu kan dabba, mutane suna zaune a ciki. A ƙarƙashinsa wani yaro yana kwance cikin ruwa da ƙoƙo a hannu. Wannan labarin wani attajiri ne da ya yi alkawarin idan ya samu ɗa namiji zai kai ƙoƙon zinariya majami'ar Nikolas. Ya samu ɗan, aka ƙera ƙoƙon, ya gan shi ya yi masa kyau, sai ya riƙe wa kansa ya sa aka ƙera wani. Suna cikin teku ya ce wa yaron ya ɗebo ruwa da ƙoƙon farko, yaron ya zame ya faɗa. Uban ya ƙarasa tafiyar cikin baƙin ciki, ya ɗora ƙoƙo na biyu a bagade, ƙoƙon ya yi ta faɗowa, sai ga yaron ya shigo da ransa, riƙe da na farkon, yana cewa waliyyin ne ya tsamo shi. A ɗaya ƙarshen fuskar an nuna Nikolas riƙe da yaron, ƙoƙon yana nan a hannunsa, kuma da ƙoƙon ne mai kallo yake gane cewa yaro ɗaya ne aka zana sau biyu.

Masu nazarin tarihin jiragen ruwa suna zuwa musamman domin wannan jirgi. Kafin wancan zamani jiragen arewacin Turai da wani dogon filafili ake juya su, wanda ake ɗaurewa a gefen dama. A nan kuwa allon juya akalar yana manne a bayan jirgin, matuƙi yana riƙe da sandarsa, kuma ana lissafa wannan hoto cikin mafi daɗewar hotunan irin wannan ƙira a Turai. Masassaƙin bai yi niyyar kafa tarihi ba. Mutumin bakin kogi ne, ya zana jirgi irin wanda yake gani ana loda masa duwatsu.

Sauran fuskoki biyun ba su ɗauke da labari. Kowace an raba ta da'ira uku masu ɗigo-ɗigo a baki, a ciki akwai kurciyoyi, wasu suna tsattsagar nonon inabi, wasu suna gyara gashinsu, sai wata dabba mai haƙora da ake fassarawa da ƙadangaren almara wanda wuta ba ta ƙona shi. A saman dutsen, a kusurwoyin da ke tsakanin zagayen ramin da gefuna, akwai ganyaye da kurciyoyi biyu suna shan ruwa a tulu ɗaya. Kiristoci suna ɗaukar kurciya alamar Ruhu Mai Tsarki da kuma ran mai bi, inabi kuma yana nuni da jibin da suke ci a ibada. Aikin tsuntsayen ya fi na mutanen laushi da daidaito, kuma ina zaton hannun ya saba da su ne saboda maimaici.

Na zauna a kan wata kujera kusa ina tambayar kaina dalilin da ya sa aka zaɓi waɗannan labarai uku daga cikin tarin labaran Nikolas. Malaman coci suna da amsa. A koyarwarsu, shiga ruwan baftisma da fita daga cikinsa misalin mutuwa ne da tashi, don haka yaron da ya nutse ya fito da yaran da aka kashe suka tashi sun dace da wurin. Ban musa wannan ba. Amma ina ganin akwai abin da ya fi kusa da zuciyar mutanen da suka riƙa tsayawa a nan. A ƙarni na 12 jarirai da yawa ba sa kai shekara, shi ya sa ake gaggauta kawo su cikin kwanakin farko. Uba da waɗanda suka tsaya wa jaririn a baftismar suna tsaye, idonsu yana kan wannan baƙin dutse, kuma abin da ke jikinsa shi ne ainihin fargaban da ke cikin ran duk mai ɗa: talaucin da zai jefa 'ya mace cikin wulaƙanci, mugun da zai gamu da yaro a hanyar neman ilimi, da ruwan da zai ci shi a tafiya. Kowane ɗaya an nuna shi ƙarara, gatarin a ɗage, yaron a cikin teku, sannan aka nuna an kuɓuta. Aƙidata ba ta yarda da neman tsari wurin wani waliyyi ba, amma tsoron da ya sa aka sassaƙa wannan dutse na san shi, kuma na girmama waɗanda suka ji shi.

Ba ƙaramin abu ba ne da kwatarniyar ta kai yau lafiya. A watan Disamba na 1642, lokacin yaƙin basasar Ingila, sojojin majalisar dokoki, masu yaƙi da sarki, sun shiga majami'ar sun farfasa gilasan tagogi masu hotuna. Babbar tagar yamma da ke kusa da ƙofa an sake haɗa ta ne daga gutsattsarin da mutanen gari suka tsince, shi ya sa yau take cakuɗe, ga rabin fuska nan, ga guntun riga can.

Washegari na shiga bas mai zuwa Petersfield, wadda ke ratsa ƙauyuka da gonaki da tuddai masu farar ƙasa, na sauka a East Meon. Ƙauye ne ƙarami, ƙoramar Meon tana bi ta tsakiyar titinsa. Cocin yana gindin wani tudu mai ciyawa, da hasumiya ta ƙarni na 12 mai zagayayyun bakuna, kuma a ƙetaren hanya akwai tsohon zauren da bishop-bishop na Winchester suke zaman shari'a, domin ƙasar ƙauyen mallakarsu ce. Wannan ne ya bayyana yadda dutse mai tsada irin wannan ya iso wurin manoma da makiyayan tumaki. Ƙofa a buɗe take, babu kowa a ciki.

Siffarta irin ta Winchester ce, amma launinta ya fi haske, ya karkata ga toka-toka, kuma labarin da ke jikinta na Adamu da Hauwa'u ne kamar yadda littafin Farawa na Kiristoci da Yahudawa ya kawo shi. Mu ba ma zana annabawa, kuma na tsaya a gaban dutsen da sanin haka a raina, ina kallonsa a matsayin shaidar yadda wasu mutane suka fahimci labarin da mu ma muke da shi ta wata fuska. A gefe ɗaya an nuna halittar namiji, sannan mace tana fitowa daga haƙarƙarinsa, sannan itaciya da maciji mai kamar dodo yana miƙa ɗan itacen. A gefe na biyu an zana gidan Aljanna da siffar wani babban gini mai bakuna, mala'ika da takobi yana fitar da su, suna rufe tsiraici da ganye. Sauran gefuna biyun jerin ginshiƙai ne da bakuna, a samansu dabbobi da tsuntsaye da dodanni suna bin juna.

Ƙarshen gefe na biyun ne ya biya mini wahalar tafiyar. Bayan korar, wani mala'ika ya riƙe shebur yana nuna wa Adamu yadda ake haƙar ƙasa, Hauwa'u kuma tana tsaye sanye da doguwar riga mai ado, tana kaɗi da mazari. Littafin Farawa ya ce mutum zai ci abinci da gumin goshinsa, amma bai ambaci mala'ika mai koyar da noma ba. Wannan ƙari ne daga ruwayoyin da suka yaɗu a wancan zamani, kuma masassaƙin ya ba shi fili daidai da na korar kanta. Mala'ikan ya sunkuya a kan shebur ɗin kamar wanda ya san aikin, Adamu yana kallon hannunsa. A ƙauyen da kowane jaririn da aka kawo nan zai girma ne ya riƙe shebur ko mazari, ban ga hoton da ya fi wannan dacewa ba, kuma a ganina ya fi na Winchester tausayi, ko da yake aikin hannun bai kai nasa tsafta ba.

Mutanen ƙauyen suna ba da labarin cewa a watan Maris na 1644, kafin gwabzawar da aka yi a Cheriton, sojojin majalisa da suka yada zango a nan sun ɓamɓare dalmar da aka shimfiɗa a cikin ramin kwatarniyar suka narka suka yi harsasai. Dalmar tana hana ruwa tsotsewa cikin dutse ne, kuma ita ce abin da soja zai ga amfaninsa. Hotunan kuwa sun bar su.

Daga Petersfield na nufi Southampton, inda zan kwana wurin wani ɗan'uwa, kuma da safe ya raka ni cocin St Michael da ke tsohon gari, wanda aka kafa a 1070, ya kuma tsira daga ruwan bama-baman 1940 da ya rushe yawancin unguwar. Tasu kwatarniyar ba ta da labari, da'irori ne da dabbobi masu fukafukai a ciki. Cocin yana da 'yar tazara kaɗan daga tsohuwar ganuwar garin da mashigar jiragen zamanin da, kuma akwai yiwuwar a wannan gaɓa aka sauke duwatsun Hampshire huɗun, kafin a ɗora ta Winchester a keken shanu a yi arewa da ita tafiyar kimanin kilomita 20.